Bincike a kanmu ake yi, amma tambayar ta wa ce?

Kwanakin baya na saurari wata muhawara a wani gidan rediyo na nan Damagaram, wato Zinder, a kan binciken kimiyya, har aka rufe shirin raina bai yi daɗi ba. Baƙi biyu ne. Ɗaya ya ce tunda ƙasa ta ɗauki hanyar tsayawa da ƙafafunta, to a sallami duk wani baƙon mai bincike, mu yi abinmu mu kaɗai. Ɗayan ya ce ina, ai mun riga mun ci gaba, a je a duba yawan takardun bincike da ke fita da sunan Nijar a mujallun duniya yau, a gwada da na shekara ashirin da suka wuce. Kowa ya kafe a kan bakansa, mai gabatarwa na ta "to, to, madalla", lokaci ya cika.

Duka biyun ban yarda da su ba. Rufe ƙofa ganganci ne, kuma 'ya'yan talakawa ne za su biya kuɗinsa. Ƙirga takardu kuwa ruɗin kai ne. Abin dubawa a kowane bincike da aka yi a ƙasar nan shi ne: wa ya kawo tambayar? Wanda ya fitar da kuɗi shi ke zaɓen abin da za a bincika, shi ke riƙe bayanan da aka tara, shi ke yanke ranar da aiki zai tsaya. Muddin kuɗin gudanar da bincike daga waje yake zuwa kusan gaba ɗaya, to ko takardunmu sun cika ɗaki, ƙodago muke yi a gonar wani. Ana biyanmu, har a yaba mana da ƙwazo, amma da kaka rumbun mai gona ake cikawa.

Abin da lissafin takardu ba ya faɗa

Mai ƙirga takardu bai yi ƙarya ba, adadi ya ƙaru. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2014 tare da kamfanin Elsevier ya nuna cewa tsakanin 2003 da 2012 binciken da ke fita daga Afirka kudu da Sahara ya fi ninki biyu. Duk da haka bai kai kashi 1 cikin 100 na binciken duniya ba, kuma kusan rabinsa a fannin lafiya yake, domin can ne masu tallafi suka fi zuba kuɗi. A gida ma jami'o'in gwamnati sun yawaita. Da Yamai kaɗai ke da ita. A 2010 aka buɗe na Zinder, Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu. Malamai sun ƙaru, dole takardu su ƙaru.

Sai dai ku ɗauki takardar ku duba jerin sunayen da ke samanta. A al'adar masu kimiyya, musamman a fannin lafiya, sunan farko na wanda ya ja aikin ya rubuta shi ne, na ƙarshe na babban malamin da ya samo kuɗin. Na tsakiya su ne mataimaka. A 2019 wasu masana sun bi dubban takardun binciken lafiya da aka yi a kan Afirka, suka tarar cewa idan aikin haɗin gwiwa ne da manyan jami'o'in Amurka, ba safai ɗan ƙasar ke zama na farko ko na ƙarshe ba, tsakiya ake cusa shi. Wasu takardun ma babu ɗan ƙasa ko ɗaya a kansu. Amma in an zo lissafi, duk takardar da sunan ɗan Nijar ya leƙa cikinta, ko shi ne na tara cikin goma sha biyu, ta shiga "binciken Nijar".

Wani ƙanena da ya gama digiri na biyu ya yi irin aikin nan na ankete, wato bin gida-gida ana yi wa mutane tambayoyi, a ƙauyukan Mirya da Magarya. An ba shi 'yar kwamfutar hannu cike da tambayoyin da aka tsara a wata ƙasa: sau nawa kuka ci abinci jiya, awaki nawa gare ku, wa ke yanke shawara a kan kuɗin gida. Yana karantawa da Faransanci, yana juya wa mutane da Hausa, yana latsa amsa. Da yamma ya hau tudu neman rezo ya tura. Yana turawa shafin ya ɓace daga na'urar, ya tafi rumbun kwamfuta a wata nahiya. Shi da ya sha rana ya tara bayanan ba shi da ikon sake ganinsu, balle ya rubuta wani abu da su.

Ya ce a wani gari wani dattijo ya bari ya gama tambayoyinsa tsaf, sannan ya ce: "Ɗana, ku ne na bara?" Ya ce: "A'a Baba, waɗancan daban ne." Tsoho ya ce: "To su me suka gano?" Ƙanena ya rasa ta cewa, don shi ma ba wanda ya gaya masa.

"To ai shi ya sa muka ce a kore su"

Na fahimci zafin. Mu da ke maƙwabtaka da Kano ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Duk wanda ya ce a yi hattara da baƙon da ya zo da allura yana da hujja.

Amma a tsaya a lissafa abin da za a rasa. Annobar ta 1996 ta kashe mutum kimanin 25,000 a wannan yanki na Afirka. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar ta kusan shafe nau'in A na sanƙarau, wanda shi ne ya fi yi mana ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ja aikin, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Ku lura da abin da ya sa wannan ya yi kyau: jami'an lafiya na Afirka ne suka nemi allurar, su ne kuma suka nace cewa in ta yi tsada ba ta da amfani gare mu. Daga nan buƙatar ta fito, baƙi suka kawo ƙwarewa.

A Madarunfa aka gwada ɗigon rigakafin zawon yara na Rotasiil a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kashi biyu cikin uku, kuma yana jure zafi, abin da duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara a babur zuwa ƙauye a watan Afrilu ya san darajarsa. A jihar Doso gwajin raba maganin azithromycin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2018. Buhun PICS mai ninki uku, wanda ke toshe iska har ƙwaron wake ya mutu ba tare da an zuba magani ba, aikin jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masanan Afirka, cikinsu har da Ibrahim Baoua na Maraɗi.

Sannan in mun kore su, da me za mu yi aikin? Na'urar karanta ƙwayoyin halitta, sinadaran gwaji, firjin da ke riƙe samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, babu ɗaya da ake ƙerawa a nan. Wutar da za ta riƙe firjin ma mun ga yadda ta kasance a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layi. Babu ƙasar da ke kimiyya ita kaɗai, har masu kuɗin. Su dai in za su zauna da wani, da tambayarsu suke zuwa da kuɗinsu a aljihu.

Gawon da ya tsiro ba wanda ya ƙirga

Misalin da ya fi ci mini rai a gabanmu yake. Bayan farin 1973 da na 1984 duniya ta yanke cewa hamada na cinye Sahel. Aka zuba kuɗi a dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A lokacin nan ne manoman Mirya, Magarya da Matamai, da na Maraɗi, suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa in suna sharar gona. Su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran, su kare su daga dabba da gatari. Sassaben zamani ke nan. A wajen Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi tun 1983. A wajenmu kuwa gawo dama tsohon abokin manomi ne: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Kusan shekara ashirin abin nan na faruwa, gona bayan gona, ba wanda ya auna girmansa. Sai a tsakiyar shekarun 2000 aka zo da kuɗin waje aka duba. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, har da Chris Reij ɗan Holan, suka rubuta rahoto a kan yankunan nan uku na jihar Zinder. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam. Abin da ya fito ya ba masana mamaki: kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200, kuma ba dasa su aka yi ba.

Ban ga laifin waɗanda suka zo ba. Sun kyauta, kuma ɗan ƙasa na cikin jagororin aikin. Abin da nake tambaya shi ne me ya hana mu gani da kanmu tun 1995. Ba sai da tauraron ɗan Adam ake gane cewa gonar da ke da gawo uku yanzu tana da talatin ba. Ɗalibi, babur, igiyar awo da littafin rubutu sun isa. Abin da babu shi ne asusun da malami zai je ya ce: ina jin wani abu na faruwa a Matamai, a ba ni kuɗin mai na wata shida in duba. Kuɗin da ke akwai na "yaƙi da hamada" ne, tambayar da ke cikinsa kuma nawa hamada ta ci. Nawa manomi ya ƙwato, wannan ba ya cikin takardar kowa.

Yau ma irin waɗannan tambayoyi na nan zube. Zinder a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiya ba ta ba da ruwan kirki a cikin gari. Daga Gogo-Macaya, Arunguza da Ganaram ake turo mana. Kowa ya san yadda bazara ke kasancewa. Famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba, mata da yara a layi tun asuba kowa da bidonsa, 'yan garuwa su ninka farashi. Mita nawa ruwan ƙarƙashin ƙasa ke sauka a waɗannan wurare kowace shekara? Nawa damina ke mayarwa? Garin da ke faɗaɗa haka, shekara nawa za su ɗauke shi? Malaman jami'a da ma'aikatan ruwa suna taɓawa, ɗalibai na rubuta kundi a kai, amma irin wannan awo so yake a yi shi wata-wata, shekara talatin ba fashi, a kuma fitar da shi kowa ya gani. Proje kuwa shekara uku ne ko biyar ya naɗe tabarmarsa. Babu gidauniyar Turai da za ta ɗauki nauyin auna rijiyoyin Arunguza har jikokinmu su girma, kuma ba haƙƙinta ba ne.

Ga kuma ginin ƙasa. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ban da gidajen talakawa da suka zube a wannan damina. Wane haɗin ƙasa, wane yaɓe, makuba ko siminti, wane tsarin indararo zai jure ruwan da ake yi yanzu, a farashin da mai gidan ƙasa zai iya? Maginan gargajiya na da rabin amsar, ɗakin gwaji na da rabi. Amma wannan ba zai kai mutum babbar mujalla ba, shi ya sa ba a rububinsa.

"Ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro, ina ta ga kuɗin bincike?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, ba na raina ta. Gwamnati na biyan albashin malamai, tana gina azuzuwa, ga sojoji a fagen daga. Sai dai albashi na kawo malami ofis ne kawai. Man mota, sinadari, kuɗin ɗalibin da zai kwana a ƙauye, su ne binciken. Tun 1980 a Legas shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa kimiyya kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, suka nanata a Hartum a 2006. Har yau yawancin ƙasashen ko rabi ba su kai ba.

Kuma mun taɓa yi, alhali ba mu fi yau kuɗi ba. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. A Yamai ake ƙera tankin dumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana, lokacin da yawancin duniya ba ta ɗauki hasken rana a bakin komai ba. Ya yi hulɗa da masanan waje sosai, amma tambayar tasa ce: ƙasar da rana ta yi wa yawa, itace ya yi wa kaɗan, me za ta yi? Bayansa abin ya yi sanyi. Yau faifan sola da ke kan rufin shagunan kasuwar Dole daga waje ake shigo da su, mu dai sunansa muka liƙa a ƙofar jami'a.

Dogaro da kuɗin waje ma ba araha ba ne kamar yadda ake zato. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 ƙasashe da dama sun dakatar da tallafi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje. Duk gwajin iri da aka faro da irin wannan kuɗi, duk ɗalibin da ke tsakiyar digirin digirgir da shi, ya ji a jikinsa. Gwajin iri kuwa in ya tsallake damina ɗaya, sai dai a jira baɗi.

Ba maganar biliyoyi nake ba. Matatar man fetur ta SORAZ na aiki a hanyar Tanut tun 2011. Dokar ƙasa ta riga ta san tsarin mayar da kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen ma'adinai da man fetur ga ƙananan hukumomin yankunan da abin ya shafa. A cire ɗan kaɗan daga irin wannan, a rubuta shi a doka yadda ba sai an roƙa kowace shekara ba. Kuɗin taron bita guda a babban otal, da ruwan gora da jakunkuna masu tambari da kuɗin zama, zai riƙe ɗalibi shekara guda a fili. Attajiran garin nan da ke gina masallatai suna biya wa mutane kujerar Makka, in aka fahimtar da su, wani zai yi wakafin ɗakin gwajin ruwa.

Namu rabon na laifi

Akwai masu cewa malaman jami'ar ne ba sa so. Da ƙamshin gaskiya. Ƙarin girma a jami'o'inmu ta hannun CAMES yake bi, hukumar tantance malaman jami'a ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma takardu na da nauyi ƙwarai a ma'auninta. Don haka malami na neman adadi ruwa a jallo. Wani ya yanka bincike ɗaya gida uku. Wani ya biya 'yan kuɗi a mujallar intanet da ke buga komai cikin mako guda ba tare da an tantance ba. Wani babba kuma sunansa na hawa kowace takarda ta sashensa alhali ko filin bai taka ba. Abin da muke zargin baƙi da shi, shi muke yi wa ƙananan malamai da ɗalibanmu.

Sai kwangilar rahoto. Ƙungiya ta zo tana son rahoto cikin kwana ashirin, ta biya abin da ya fi albashin wata. Wa zai ƙi? Amma rahoton na ƙungiyar ne, a durowa zai ƙare, kwana ashirin ɗin kuma daga lokacin bincike aka cire su. Ƙwararren da ya kamata ya yi shekara biyar a kan tambaya ɗaya ya koma tsalle daga rahoto zuwa rahoto, ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai na jiransa.

Ana iyawa dai. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 tana karɓar kuɗin waje, tana aiki da baƙi, amma a kan tambayoyin da ta zaɓa da kanta ta yi suna: yadda ake karɓar mara lafiya a asibiti a zahiri, yadda ƙananan hukumomi ke tafiya, tazarar da ke tsakanin doka a takarda da aiki a ofis.

Kano ta fi Paris kusa

In aka ce haɗin gwiwa da waje, hankalinmu Faransa yake tafiya, ko Beljiyam ko Amurka, yanzu kuma Sin, Turkiyya da Rasha. Kano kuwa kilomita kimanin 240 ce daga nan. Jami'ar Bayero na da cibiyar binciken noman yankunan da ruwa ya yi wa kaɗan, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA na da tasha a Kano da ta daɗe a kan wake, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta girmi jami'o'inmu duka. Ƙudujin da ke cin gonar Magarya shi ke cin ta Ɓaɓura. Sanƙarau da ya tashi a jihar Zinder a ƙarshen 2022, wanda ya kama mutum 559 ya kashe 18 zuwa ƙarshen Janairun 2023, bai tsaya nuna takarda a iyaka ba. Jigawa ma ta sha fama.

Amma sau da yawa masanin Damagaram da na Kano sai a taron Turai suke haɗuwa, su gaisa da Hausa a wajen shan shayi, su koma zaure ɗaya na Faransanci ɗaya na Ingilishi. Dalilin a fili yake: akwai mai biyan jirgin Yamai zuwa Paris, babu mai biyan motar Zinder zuwa Kano. Wannan ma asusun gida ne maganinsa.

Maraba, amma da sharaɗi

Baƙon da ya zo da kuɗinsa da tasa tambayar a yi masa maraba, da sharaɗi a rubuce. Ba mu muka fara ba. Al'ummar San ta kudancin Afirka ta fitar da nata ƙa'idojin bincike a 2017, mujallar Nature kanta a 2022 ta fara tambayar marubuta ko sun sa 'yan ƙasa a aikin. Kwafin duk bayanan da aka tara ya zauna a jami'ar yankin. Ɗan ƙasa ya shiga tun ranar da ake tsara tambayoyi, kada a jira sai ana neman tafinta da direba. Na'urar da za a bari a bar ta da wanda ya iya gyaranta, don ɗakunan gwajinmu sun gaji da injunan da aka lulluɓe da leda saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace.

Haka abin da ake ɗauka a fita da shi. Ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadufawa sun sa sunan ƙasar nan a littattafan kimiyya, ɗaya ma Nigersaurus ake kiransa tun 1999, amma da yawansu Shikago da Paris aka kai su nazari. Dutsen duniyar Mars mai kilo kusan 25 da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, a New York aka yi gwanjonsa a Yulin 2025 kan dalar Amurka sama da miliyan 5, sai daga baya hukuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Ɗalibinmu da ke son ƙwarewa a waɗannan fannoni sai ya nemi biza kafin ya taɓa abin da aka ɗauka a ƙasarsu.

Sai mayar da amsa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance. Duk binciken da aka yi a kan mutane, kafin a rufe shi a koma garin a faɗa musu abin da aka gano, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, a ƙofar mai gari da gidajen rediyon karkara. Nan ma za a kama kurakurai, don manomi zai ce muku lissafin awakin nan ba haka yake ba, ragewa muka yi don mun ɗauka taimako za a raba.

Sai dai sharaɗi ba shi da ƙarfi a bakin wanda bai kawo komai ba, shi ya sa asusun gida ya fi damuna. Sau ɗaya a shekara hukumomin jiha da jami'ar André Salifou ta Zinder su zauna da manoma, makiyaya, ma'aikatan ruwa, ungozomomi da magina, a fitar da tambayoyi goma da suka fi damun jihar Zinder, a liƙa su a bainar jama'a. A ɗauki nauyin ɗalibai ko biyar ne da kuɗinmu su fara aiki a kansu, a wajabta musu karanta sakamakon a rediyo. Baƙon da ya zo, daga Kano yake ko Beljiyam ko Sin, a miƙa masa takardar a ce ga abin da muke ciki, wanne za ka kama mana? Wani zai ce ba wannan ya kawo shi ba, ya yi nasa bisa sharaɗi ya tafi. Wani zai zauna. Ni in aka tambaye ni, ruwan Ganaram da Arunguza zan sa a lamba ta ɗaya, a kuma fara awon kafin bazara mai zuwa.